Murna Cikin Tsanani: Bayani a Kan Shahidan Kirista na Birnin Kartaj

1. Mafarin Magana

Bahaushe ya san haƙuri, ya kuma ba shi babban matsayi cikin halayen kirki. Ya ce haƙuri maganin zaman duniya, ya ce mahaƙurci mawadaci, ya ce bayan wuya sai daɗi. In mun duba waɗannan karin magana da kyau, za mu ga abu guda su ke koyarwa, watau mutum ya daure ya cije har wuya ta wuce, sa'an nan daɗi ya biyo baya. Wuya na gaba, daɗi na biye, ba su zama ɗaki ɗaya. Amma wanda ya karanta rubuce-rubucen Kiristocin farko zai tarar da abin da ya saɓa wa wannan tsari. Zai iske mutane an yanke musu hukuncin kisa suna godiya, ana komar da su kurkuku suna fara'a. Ba su jira wuya ta wuce ba, cikin tsakiyarta su ke cewa sun sami farin ciki.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana abin da su ke nufi da wannan murna, da inda ta samo tushe, da kuma iyakar da malamansu suka sa mata sa'ad da suka ga tana neman wuce gona da iri. Za mu faɗi aƙidarsu yadda su suka riƙe ta, domin mai karatu ya fahimce ta, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba. Don kada magana ta watse, za mu tsaya wuri guda, watau birnin Kartaj na Afirka ta Arewa, wanda kufansa ya ke kusa da birnin Tunis na yanzu, daga shekarar 180 zuwa 411.

2. Kalmar Shahidi

Kafin mu shiga labari, ya kamata mu tsaya kan kalma ɗaya. Kiristocin farko da harshen Yunanawa su ke rubutu, kalmar da su ke kiran wanda aka kashe saboda addininsa kuwa ita ce martus. Asalin ma'anarta shi ne mai ba da shaida a gaban alƙali, babu zancen mutuwa a cikinta ko kaɗan. Sai wajen tsakiyar ƙarni na biyu aka keɓe ta ga wanda ya tabbatar da shaidarsa da ransa. A nan Bahaushe ya fi mai wani harshe saukin ganewa, gama shaida da shahada da shahidi duk daga saiwa ɗaya ta Larabci muka aro su, hanyar da kalmar ta bi a can ita ce ta bi a nan. Labarin mutanen da aka hallaka domin sun ƙi barin imaninsu shi ma ba baƙo ba ne ga almajiran ƙasarmu. Sun san mutanen rami da aka ambata cikin Suratul Buruj, waɗanda masu tafsiri da yawa suka ce Kiristocin Najran ne, da Sarki Zu Nuwas ya ƙone wajen shekarar 523.

Sai a riƙe wannan ma'ana ta shaida, domin ita ce mabuɗin dukan abin da zai biyo. Rumawa sun kawo mutum gaban shari'a a kan shi ne mai laifi, shi kuwa a ransa ya zo ne ya ba da shaida.

3. Abin da Rumawa Su ke Nema

A zamanin nan Kartaj tana ƙarƙashin mulkin Rum, ita ce babban birnin lardin da Rumawa su ke kira Afirka. Rumawa ba su damu da abin da mutum ya ƙudura a zuciyarsa ba. Al'ummai iri iri ne a hannunsu, kowace da abin bautarta. Abin da su ke nema shi ne, in an bukata, kowa ya yi wa gumakan ƙasa hadaya, ya ƙona ɗan turare domin lafiyar Sarki, gama a ganinsu zaman lafiyar daula ya rataya ne ga yardar waɗannan gumaka. Wanda ya ƙi, daidai ya ke da wanda ya ƙi yin mubaya'a, ga shi kuma yana jawo wa jama'a masifa. Saboda haka in an yi fari, ko ambaliya, ko annoba, sai a waiwayo kan Kiristoci. Duk da haka kada a zaci kullum cikin kisa a ke. Kafin shekarar 250 tsananin jefi-jefi ne, ya tashi a wannan gari ya lafa a wancan, gwargwadon halin gwamna da zafin talakawa.

Wajen shekarar 112 wani gwamna mai suna Filini, wanda ke riƙe da lardin Bitiniya cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara a kan yadda zai yi da su. Sarki ya amsa cewa kada a bi su gida gida ana nema, kada kuma a karɓi ƙarar da ba sunan mai ita. Amma in an kawo mutum aka tabbatar Kirista ne, a hukunta shi, sai fa in ya musanta ya yi wa gumaka sujada, to, a sake shi. Wannan ƙa'ida ta daɗe ana aiki da ita, akwai kuwa abin lura a cikinta. Ɓarawo ba ya kuɓuta don ya ce ya daina sata. Kirista kuwa ƙofa a buɗe ta ke gare shi har lokacin da za a karanta hukunci. Tartuliyan, wani malamin Kirista na Kartaj, ya yi wa mahukunta ba'a a kan haka cikin littafin da ya rubuta a shekarar 197, yana nuna cewa sauran masu laifi a kan azabtar da su don su amsa, su kuwa Kiristoci don su musanta.

Takarda mafi tsufa da ta rage daga Kiristocin Afirka ta Arewa rahoton irin wannan shari'a ce. Ran 17 ga Yuli, 180, aka gurfanar da mutanen wani ƙaramin gari mai suna Sikilli gaban Gwamna Saturninus a Kartaj. Su goma sha biyu ne, maza bakwai mata biyar, mai magana da bakinsu kuwa sunansa Siferatus. Gwamnan bai nuna ƙishin jininsu ba, har ma ya ba su kwana 30 su yi tunani. Suka ce ba su bukata. Da aka karanta hukuncin sare kai, sai suka yi godiya ga Allah. Rahoton gajere ne, bai gaya mana abin da ke cikin zukatansu ba. Wanda ya buɗe mana wannan ƙofa shi ne wani rubutu da ya zo bayan shekara 23.

4. Farfetuwa da Felisita

A shekarar 203, zamanin Sarki Saftimiyus Seferus, aka kama waɗansu matasa biyar a Kartaj, masu koyon addinin Kirista waɗanda ba a riga an yi musu baftisma ba. Cikinsu akwai Farfetuwa, 'yar babban gida, mai shekara wajen 22, tana da aure, tana goyon ɗa namiji. Akwai kuma Felisita, baiwa, da cikin wata takwas. Malaminsu Saturus ba ya nan sa'ad da aka yi kamun, daga baya ya kai kansa. Labarinsu ya zo mana da harshen Latin, kashi uku: abin da aka ce Farfetuwa ta rubuta da hannunta cikin kurkuku, da mafarkin Saturus, da bayanin wani wanda ya tattara su ya ƙara yadda aka ƙare. Masana da yawa sun karɓi kashin farko a kan nata ne, waɗansu kuwa suna ganin hannun mai tattarawa ya shiga ciki ƙwarai. Ko wanne ne, rubutun na mutanen wannan gari ne da wannan zamani, ya kuma nuna mana yadda su ke tunani.

Babban abokin gwagwarmayarta cikin labarin shi ne mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya kuwa fi sonta bisa dukan 'ya'yansa. Tun suna tsare kafin a kai su kurkuku ya zo yana lallashinta. Ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko ana iya kiransa da wani suna ban da nasa. Ya ce a'a. Ta ce to, haka ita ma ba ta iya kiran kanta da sunan da ba nata ba. Tsohon ya harzuƙa ya yi kanta kamar zai ƙwaƙule mata idanu, sa'an nan ya fita. Cikin kwanakin nan aka yi musu baftisma.

Da aka jefa su kurkuku, ba ta ɓoye abin da ta ji ba. Ta ce ta tsorata, domin ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba. Ga zafi saboda cunkoso, ga sojoji suna ta matsa musu don neman kuɗi, ga tunanin jaririnta yana cinta. Waɗansu ma'aikatan ikkilisiya biyu suka ba masu gadi ɗan abin hannu, aka fito da su wuri mai dama-dama na 'yan sa'o'i, ta shayar da yaron, wanda yunwa ta riga ta galabaitar. Daga baya ta sami izini ya zauna tare da ita. A nan ne ta ce ta warke, kurkukun ya zama mata kamar fada, har ta fi son zama cikinsa da ko'ina. Sai mai karatu ya lura da abin da ya kawo wannan sauyi. Duhun bai ragu ba, zafin bai ragu ba, ɗanta ne ya dawo hannunta.

A kurkukun ta yi mafarki ta ga wani tsani na tagulla, dogo har sama, siriri, mutum ɗaya kaɗai ke iya hawa, an kakkafa takuba da māsu da ƙugiyoyi a gefensa, ga wani ƙaton maciji kwance a gindinsa. Saturus ya fara hawa, ita kuma ta taka kan macijin ta bi shi. A can sama ta iske wani lambu mai faɗi, da makiyayi mai furfura yana tatsar tumaki, ya yi mata maraba ya ba ta ɗan cuku ta ci. Ta farka tana jin zaƙi a bakinta. Daga wannan ta gane ba sakinsu za a yi ba.

Mahaifin ya komo, wannan karo da kuka. Ya tuna mata da furfurarsa, da uwarta, da 'yan'uwanta, da yaron da ba zai rayu bayanta ba, da abin kunyar da za ta jawo wa gidan. Ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta. Ranar shari'a kuma ya zo riƙe da jaririn, yana jan ta daga kan matakala. Alƙalin, Hilariyanus, shi ma ya ce ta ji tausayin tsoho da yaro ta yi hadayar. Ta ƙi. Da tsohon ya ci gaba da naci, aka ba da umurni a ture shi, aka buge shi da sanda. Farfetuwa ta ce ta ji zafin dukan nan kamar a jikinta aka yi. Aka yanke musu hukuncin a jefa su ga namun daji, suka koma kurkuku da fara'a. Cikin 'yan layuka kaɗan ta faɗi duka biyu, baƙin cikin mahaifinta da fara'ar komawarsu, ba ta kuwa ga ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba.

Felisita kuwa damuwarta dabam ce. Dokar Rum ta hana kashe mace mai ciki, saboda haka tana tsoron a bar ta a baya, daga bisani a kashe ta tare da 'yan fashi. Ana saura 'yan kwanaki suka taru suka yi addu'a, naƙuda ta kama ta. Tana cikin wahalar haihuwa wani mai gadi ya yi mata gori, ya ce in wannan ya sa ta kuka, yaya za ta yi gaban namun daji? Ta amsa masa cewa wahalar yanzu ita kaɗai ke ɗauke da ita, amma a can akwai wanda zai kasance cikinta ya ɗauka dominta, tun da ita ma dominsa za ta sha. Ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa cikin addini ta karɓa ta rena.

An shirya wasan ne don bikin ranar haihuwar Geta, ɗan Sarki, ikkilisiya kuwa tana tunawa da su ran 7 ga Maris. A bakin ƙofar dandali aka so a sa wa mazan tufafin bayin gunki Saturnus, matan kuma na gunkiya Seres. Suka ƙi, suka ce ai don kada a tilasta musu irin wannan ne suka ba da ransu, hafsan kuwa ya ga gaskiyarsu ya ƙyale su. Saturus damisa ce ta yi masa rauni. Matan biyu aka sako musu wata mahaukaciyar karsana, ta yi sama da Farfetuwa ta fyaɗa da ƙasa. Da ta tashi zaune sai ta ja rigarta ta rufe cinyarta, ta nemi abin ɗaure gashi ta gyara kanta, domin a al'adarsu barin gashi a warwatse alamar makoki ce, ita kuwa ba ta yarda a ga kamar makoki ta ke yi ba. Sa'an nan ta miƙa wa Felisita hannu ta tashe ta. A ƙarshe aka tara su tsakiyar fili don a ƙarasa su da takobi, suka yi wa juna sumbar sallama. Haunin da aka ba Farfetuwa sabon shiga ne, saran farko ya sami ƙashi, ta yi ƙara. Hannunsa na rawa, ita ta kama ta kai shi ga wuyanta.

5. Tushen Murnar

To, daga ina wannan hali ya fito? In mun bi rubutun da sauran littattafansu, za mu ga saiwoyi huɗu.

Ta ɗaya, an riga an gaya musu. Cikin Linjilar Matiyu sura 5 an umurci almajirai su yi murna in an zage su an tsananta musu saboda Almasihu, domin haka aka yi wa annabawan da suka gabace su. Cikin Ayyukan Manzanni an ba da labarin manzanni sun fita daga majalisa bayan an yi musu bulala suna farin ciki, da kuma Bulus da Sila suna waƙar yabo da tsakar dare cikin kurkukun Filibi. Mutumin da masifa ta zo masa ba zato ya kan ce Allah ya yashe shi. Wanda aka sanar da shi tun da wuri kuwa, zuwanta sai ya ƙara masa gaskata wanda ya sanar da shi.

Ta biyu, wadda ta fi duka zurfi, ita ce tarayya da Almasihu. A aƙidar Kirista, Yesu Almasihu an kama shi, an yi masa shari'a gaban gwamnan Rum, an gicciye shi, ya kuma tashi daga matattu. Saboda haka Kirista da ke tsaye gaban gwamnan Rum yana ganin ya taka sawun ubangijinsa ne daidai, ba a taɓa kusantar da shi gare shi kamar yau ba. Amsar da Felisita ta ba mai gadi a nan ta dogara. Ta raba wahala gida biyu, wadda mutum ke sha shi kaɗai da wadda ya ke sha da abokin tafiya. Zafin jiki ɗaya ne, amma kaɗaici ya fita daga ta biyun.

Ta uku, sun juya ma'anar dandalin. Rumawa sun gina wannan wasa ne don a wulakanta mai laifi, a ga tsoronsa, jama'a su koma gida sun san ikon Sarki ba shi da iyaka. Wanda ya shigo da fuska a sake ya ɓata wasan tun daga tushe. Daren ƙarshe Farfetuwa ta yi mafarki an shafe ta da mai kamar ɗan kokawa, ta kara da wani ƙato ta kā da shi, aka ba ta reshen nasara. A idon 'yan kallo ita ce abin da aka jefa wa dabba, a idonta ita ce ta shiga fage. Ƙin sa tufafin gumaka da gyaran gashi duk daga nan suka fito. Makamin ƙarshe na mai mulki shi ne tsoron mutuwa, wanda kuwa wannan tsoro ya saki ya ɗanɗani wani irin 'yanci da bai taɓa sani ba, baiwa ce ko 'yar babban gida.

Ta huɗu, jama'a da sa zuciya ga lahira. Ba a bar su su kaɗai ba: ana ziyartarsu, ana biya musu, an karɓi jaririyar Felisita. Abincin ƙarshe da a kan ba waɗanda za a kashe, su suka mai da shi walimar zumunci. Sun kuma san za a riƙa karanta labarinsu kowace shekara, gama ikkilisiya ta kan kira ranar mutuwar shahidi ranar haihuwarsa. Lambun nan da cukun nan na mafarki su ne ɗanɗanon abin da su ke jira.

Daga wannan duka ya bayyana cewa ba zafin su ke so ba. Wadda ta ji tsoron duhu, ta yi kukan zuci don mahaifinta, ta yi ƙara da takobi ya taɓa ƙashi, ba a ce da ita marar jin ciwo. Murnarsu tana kan abin da wahalar ta tabbatar musu, watau an gwada shaidarsu ta tsaya.

6. Iyakar da Aka Sa Mata

Amma fa abin yana da haɗari, mutanen zamanin kuwa sun gani. Sarki Markus Aureliyus, wanda masanin falsafa ne, ya ɗauki shirin Kiristoci na mutuwa a kan taurin kai kawai. Mai karatu ma yana da ikon ya tambaya, tsohon nan da aka buga da sanda, da yaron da aka bari ba uwa, wa ya nemi yardarsu? Rubutun bai kauce wa wannan nauyi ba, bai kuma sauke shi ba. Cikin ikkilisiya kanta aka yi ta muhawara, har aka fitar da ƙa'idodi uku.

Ta farko, kada mutum ya nemi tsanani da kansa. Cikin labarin Folikaf, shugaban ikkilisiyar Simirna, wanda aka ƙone wajen tsakiyar ƙarni na biyu, an ambaci wani Kwintus da ya kai kansa ga mahukunta da zafin rai, ya kuma zuga waɗansu, amma da ya ga namun daji sai ya karaya ya yi hadaya. Marubutan suka ce ba su yabon masu kai kansu. Folikaf shi kansa ya fita gari ya fake a wata gona har aka zo aka same shi. Ba duka suka yarda da wannan ba: Saturus ya kai kansa aka kuwa girmama shi, Tartuliyan ma daga baya ya rubuta littafi yana hana gudu. Amma ra'ayin da ya rinjaya shi ne na Sifiriyan, shugaban ikkilisiyar Kartaj, wanda ya ɓuya a tsananin shekarar 250 yana bi da jama'arsa ta wasiƙu, aka yi ta zarginsa da tsoro. Da lokacinsa ya yi bai gudu ba. An sare kansa ran 14 ga Satumba, 258, bayan ya yi godiya ga Allah, ya kuma ce a ba hauninsa zinariya 25.

Ta biyu, kada wanda ya tsaya ya yi wa wanda ya faɗi girman kai. A shekarar 250 Sarki Desiyus ya umurci kowa cikin daula ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, an kuwa tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a ƙasar Masar. A nan aka ga ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kiristocin Kartaj masu yawa suka yi hadayar, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa suka dawo suna kuka. Waɗansu masu tsauri suka ce a rufe musu ƙofa har abada. Waɗansu da suka sha kurkuku kuma suka shiga raba takardun gafara da sunansu, sai ka ce wahalar da suka sha ta ba su sarauta. Taron shugabanni da aka yi a Kartaj a 251 ya bi tsakiya: a karɓi wanda ya faɗi bayan ya yi tuba gwargwadon laifinsa.

Ta uku ta fito ne daga babbar ɓaraka. A tsananin Sarki Diyokiletiyan, wanda ya fara a 303, an umurci shugabanni su miƙa littattafai masu tsarki a ƙone, waɗansu kuwa suka miƙa. Bayan tsananin ya lafa, ikkilisiyar Afirka ta tsage biyu a kan wannan. Mabiyan Donatus suka ce su ne ikkilisiyar shahidai, sauran kuwa zuriyar masu miƙa littafi ne. Abokan gābarsu sun ce har akwai waɗansu cikinsu da ke faɗawa daga kan duwatsu don a kira su shahidai. Agustin, shugaban ikkilisiyar Hippo, garin da a ke kira Annaba yanzu cikin Aljeriya, ya amsa musu cewa abin da mutum ya mutu dominsa shi ke mai da shi shahidi, azaba ita kaɗai ba ta isa ba, gama ɓarawo ma yana shan azaba. Magana ce mai nauyi. Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi sauran labarin: bayan babban taron da aka yi a Kartaj a 411, inda shugabanni fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka hallara, hukuma ta yanke wa mabiyan Donatus hukunci, aka ci su tara aka ƙwace majami'unsu, Agustin kuwa ya goyi bayan tilasta musu. Jikokin waɗanda aka tsananta wa sun riƙe sandar da aka bugi kakanninsu da ita.

7. Kammalawa

Yanzu sai mu koma inda muka faro. Haƙurin Bahaushe da murnar mutanen Kartaj ba abokan gāba ba ne, gama su ma sun daure, sun kuma sa zuciya ga daɗin da ke gaba. Bambancin shi ne, mai haƙuri yana ɗaukar wuya a kan wani rafi da tilas a ƙetare, su kuwa sun ɗauke ta a kan wurin da za a tambaye su sunansu su faɗa. Shi ya sa misalin tulun nan ya ke a farkon labarin Farfetuwa. Duk abin da ya biyo baya, kurkuku da shari'a da dandali, tambaya ɗaya ce a ke maimaita mata, ita kuwa amsa ɗaya ta ke bayarwa.

Malamin da zai koyar da wannan babi na tarihi ya kamata ya ba ɗalibansa ɓangarorin nan duka, kada ya tsaya ga jaruntaka kaɗai. Ya nuna musu tsoron duhu da kukan mahaifi, ya nuna musu Kwintus da ya yi gaggawa ya karaya, da taron 251 da ya buɗe wa masu rauni ƙofa, da abin da ya faru a 411 sa'ad da iko ya sauya hannu. Ta haka ɗalibi zai gane dalilin da ya sa mutanen da suka fi kowa girmama shahidai su ne kuma suka hana neman shahada, suka hana fahariya da ita.